Kwandon da Ya Ƙi Ruɓewa

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da wata ranar Laraba ba, ranar da na tsaya gaban Farfesa guda da dagacinmu da manoman rani cike da rumfa, na karɓi lasifika da hannuna, na tona wa kaina asiri ina murmushi. Murmushin nan ya fi komai ci mini rai. Da a ce kama ni aka yi, da sauƙi. Amma ni na miƙe, na gyara zaman hula, har da gyaran murya.

Ni manomin rani ne a tsakanin Kura da Bunkure. Tumatir da albasa idan ruwan sama ya ɗauke, shinkafa da damina. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, amma a ƙungiyarmu ta masu ban ruwa ni ne sakatare, kuma da wannan sunan kowa ke kirana. Ba don na fi kowa ilimi aka zaɓe ni ba, sai don ni ne ba na yar da biro. Ina da wani hali da tun ina yaro ake yi mini faɗa a kansa: yawan damuwa. In na rufe ƙofa sai na dawo na taɓa ta sau biyu. Na taɓa hawa keke na koma kasuwar Bunkure da rana tsaka don in mayar wa wani mai buhuna igiyar da ya ara mini na ɗaure kaya, na same shi ya ce shi bai ma tuna fuskata ba. To ku riƙe wannan, don shi ne tushen komai.

A ƙarshen ranin bara, lokacin da zafi ya kankama kuma tumatir ya yi yawan da har dillalai ke yi mana yanga, sai ga wata farar mota daga wata jami'a da ke birni. Mutum uku ne suka sauko, wai kowa da nasa binciken, amma an haɗa su tafiya ɗaya don duk a kan tumatirinmu suke. Akwai Dakta Rabi daga sashen kasuwanci, mace mai kaifin ido, wadda ta yi watanni tana bin kasuwanni tana tambayar yadda mai saye ke zaɓen kwando da abin da ke sa kaya su faɗi a hannun manomi. Akwai Malam Auwalu daga sashen ilimi, shi kuwa nasa binciken a kanmu ne kai tsaye: ta wace hanya manomi ya fi ɗaukar sabon abu, a takarda, ko a baki, ko ta waya. Kullum da littafi a hannunsa, ko tari ka yi sai ya rubuta.

Na ukun shi ne Nafi'u, wanda muke kira Injiniya, wani siririn saurayi mai ladabi. Ɗalibi ne mai neman digiri na uku, kuma shekararsa ta huɗu kenan a kan abu ɗaya: wani ɗan ɗaki na sanyaya tumatir ba tare da wutar lantarki ba. Bangon ragar waya ce biyu aka cika tsakiyarsu da gawayi, a jiƙa gawayin da ruwa, iska ta ratsa, cikin ɗakin ya yi sanyi kamar gindin randa. Da aka zo neman wanda za a kafa ɗakin a bakin gonarsa, kuma ya riƙa jiƙa gawayin sau uku a rana ba fashi, jama'a ko shawara ba su tsaya yi ba. Dagaci ya ce, “A ba Sakatare. Shi ko allura ka ba shi ajiya sai ya hana kansa sukuni.”

Na ji daɗin maganar nan har cikin raina. (Ai kun ga inda aka fara.)

Ranar da aka gama kafa ɗakin, aka tara mu a gindin mangwaro don Injiniya ya yi bayani. To ku da ba manoman rani ba, ku sani ruwan kanal bi da bi ake ba da shi, kuma in layinka ya zo ba ya jiran kowa, ko Farfesa ne. Ana tsakiyar bayani aka ɗaga mini hannu daga nesa cewa ruwa ya iso wajena. Na sulale a hankali, na je na buɗe wa albasata, na toshe inda ya kamata, na dawo da laka har gwiwa. Duka-duka bai fi minti goma sha biyar ba. Na iso daidai lokacin da Injiniya ke cewa, “…to shi ya sa kwandon nan na waje yake da muhimmanci ƙwarai. In babu shi, aikin gaba ɗaya bai yi ba. An gane?”

Kowa ya ce an gane.

Malam Auwalu ya juyo da littafinsa ya ce, “Sakatare, kai ne mai masauki. Kai ma ka gane?”

Idanu suka dawo kaina. Ni da aka gabatar a matsayin mai karatun cikinmu, in buɗe baki in ce ban ji ba, na tafi ban ruwa? Na ce, “Sarai.”

Ya rubuta.

Abin da na gani da idona shi ne: an kawo tumatir iri ɗaya, tsinkar rana ɗaya, an raba biyu. Rabi aka shigar ɗakin gawayi, Injiniya ya ce kada a riƙa buɗe ƙofar don sanyi zai gudu. Rabin kuma aka zuba a kwando irin namu, aka ajiye ƙarƙashin rumfata a waje. Ya ƙirga na kwandon ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a sikeli, ya rubuta. Sannan aka ba ni wata takarda na sa hannu cewa na yarda a yi aikin a gonata. Ni kuwa a rayuwata in na sa hannu a takarda, to ji nake kamar alƙali na zaune a bayan ƙofa yana jirana. Na yi ta tunanin dalilin barin kwandon a waje, daga ƙarshe na yanke wa kaina cewa ɗakin ne ya cika. Kuma tunda an ce shi ne mai muhimmanci ƙwarai, to a kansa za a gane ko Sakatare mai riƙon amana ne.

Kwana uku lafiya lau. A na huɗu, bayan sallar asuba, na leƙa kwandon na ga guda ɗaya ya yi laushi a gefe, ya fara tsatsafar da ruwa.

Duk wanda ya tashi cikin tumatir ya san abin da hannu ke yi a nan, ba sai ya yi shawara da kai ba. Ruɓaɓɓe ba ya kwana cikin 'yan'uwansa. Tun kakanninmu haka ake yi: da safe a tsince mai laushi, a ware, don ruwansa na taɓa na kusa shi ma ya tafi. Kafin in ankara har na ciro shi. Sai na tsaya da shi a hannu. Injiniya ya ƙirga su. In ya dawo ya ga babu ɗaya, me zai ce? Sakatare ya yi miya da tumatirin jami'a. In kuma na mayar, gobe biyar ne, jibi rabin kwando, a ce an ba ni ajiya na zuba ido ta lalace. Na yi ta zagaye rumfar kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Can sai wata dabara ta faɗo mini, har na ji ina yaba wa kaina. Ga gonata nan taku goma, tumatir ja wur. Na shiga na zaɓo mai girmansa, mai launinsa, na goge shi da hannun riga, na saka a gurbin. Ƙirga ta cika, kwando ya tsira, ba a cuci kowa ba. Ni ne ma na yi asarar tumatir ɗaya, na ce Allah ya karɓa sadaka.

Washegari uku na canza. Jibi bakwai.

Maiɗakina, Hajara, ita ta fara lura, don na rage kai tumatirin cefane gida. Ta ce, “Malam, ni tumatirin miya sai na yi maka magana sau biyu, amma kwandon gwamnati kullum da sabon ɗinki?”

Na ce, “Ba na gwamnati ba ne, na jami'a ne. Kuma amana ce.”

“Su suka ce ka riƙa canzawa?”

“Ba sai an faɗa wa mutum komai ba.”

“Ka dai tambaye su.”

Na ce, “In tambayi me? Na riga na ce na gane a gaban mutane, har an rubuta.”

Ta dube ni irin kallon da take yi mini in na koma duba ƙofa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Litinin da Alhamis Injiniya ke zuwa a kan babur. Zuwansa na biyu ya shiga ɗakin gawayi ya fito da fara'a, ya nufi rumfa. Ina gefe ina jiran yabo. Ya durƙusa gaban kwandon, ya daɗe yana kallo, sai na ga fara'ar tana zagwanyewa. Ya ƙirga, daidai. Ya juya wannan, ya juya wancan. Shi yaron birni ne, ƙarfe da lissafi ya sani, tumatir kuwa duk ja ne a wurinsa.

Ya ce, “Baba Sakatare, akwai mai zuwa wajen kwandon nan?”

Nan take na ji zufa. Wato zargin sata ya fara. Na ce, “Wallahi Injiniya, ko akuya ba ta isa ta matso ba. Ni kaɗai ne a kansa, safe da yamma.”

Ya ce, “Na yarda da kai, Baba. Abin ne dai da mamaki.” Ya hau babur ya tafi fuska a murtuke.

Na zauna na auna maganar. Ya shiga ɗaki ya fito da dariya, ya ga kwando ya ɓata rai. Ma'ana kwandon bai kai yadda yake so ba. Ma'ana ina sakaci. Daga ranar na ƙara ƙaimi. Na daina jiran tumatir ya yi laushi, da na ga fatarsa ta fara dushewa sai in sallame shi. Na kuma daina tsayawa neman mai girmansa, na koma zaɓen manya masu sheƙi, irin waɗanda muke jerawa a fuskar kwando in za a kai kasuwa.

A zuwa na gaba ya ɗora kwandon a sikeli, ya duba littafinsa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Ya ce, “Ya ƙara nauyi.”

Na ce, “Masha Allah.”

Ya ce, “Baba, tumatir in an tsinke shi raguwa yake yi. Ba ya ƙiba.”

Na ce, “Albarka ce.”

Da ya sake dawowa sai ga shi da wani sikelin daban, wai na farkon ya lalace. Shi ma sabon ya ba shi amsa ɗaya. Ya sa aka zazzage gawayin bango ɗaya aka zuba sabo. Ya ce in mayar da jiƙon sau huɗu, na mayar sau biyar. Ya rataye wasu 'yan na'urori na auna zafi a rumfata, wai ko akwai wata iska ta musamman da ke ratsa wurin. Har tambayata ya yi wane irin kara aka yi rumfar da shi. Ni kuma ina ba shi amsa tsakani da Allah, har da sunan wanda ya sayar mini da karan.

Ana cikin haka manyan tumatirina suka fara ƙarewa, don gonar ta kusa tashi. Na je wurin Sale, taubashina, wanda gonarsa ke ƙetaren kanal. Ni da Sale tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale. Na ce ya bar ni in riƙa tsinkar kaɗan da safe, ina da baƙi.

Ya ce, “Waɗanne irin baƙi ne ba sa cin komai sai tumatir, kuma sai manya? Ko aljanu ka sauka?”

“Kai dai ka ba ni ko ka hana.”

“Tsinka. Amma in sun tashi tafiya ka ce su gaisa da ni.”

Nasa irin ba ɗaya ba ne da na jami'a. Nasu dogaye ne, nasa masu ɗan faɗi. Na lura, na damu na kwana biyu, sannan na ce ai ja ja ne.

Akwai ranar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Injiniya ya gama aune-aunensa, ya zauna kan wani dutse ya cire hula ya riƙe kai. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Na kawo masa ruwa a moɗa. Ya ce, “Baba, shekara huɗu. Abokan karatuna duk sun gama. Hajiyarmu har ta ɗinka kayan da za ta sa ranar yaye mu, kullum sai ta tambaye ni saura kwana nawa. Ga shi sakamakon ya ƙi tafiya yadda ya kamata, kuma Farfesa mai duba aikina zai zo ya gani da idonsa.”

Tausayinsa ya kama ni. Na dafa kafaɗarsa na ce, “Kada ka damu, Injiniya. Ina iya bakin ƙoƙarina, kuma daga yau zan ƙara.”

Ya ɗago ido jajur ya ce, “Na gode, Baba. Da kowa irinka ne, da bincike bai yi wahala ba.”

Na ƙara kuwa.

Ranar Larabar da aka cika sati uku, aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifikar ƙungiya. Da sassafe na yi wa kwandon gyaran da ban taɓa yi ba, kusan rabi na sauya, na goge kowane ɗaya. Na je gida na saka farar babbar rigata ta Juma'a. Hajara ta ce, “Sarauta za a ba ka?” Na ce ta dai saurara.

Farfesa dattijo ne mai sanyin magana, da furfura da tabarau. Aka yi addu'a, aka yi gaishe-gaishe. Dakta Rabi ta yi bayanin abin da ta gano a kasuwanni, Malam Auwalu ya yi nasa. Sannan Injiniya ya tashi. Ya buɗe ɗakin gawayi aka fito da tumatir. Jama'a suka miƙa wuya. Fatar wasu ta ɗan yamutse, 'yan kaɗan sun yi laushi, amma yawancinsu ka kai kasuwa a saya. Wani dattijo ya ce, “Sati uku? A wannan zafin? Kai, yaro ya yi aiki!”

Injiniya bai yi murmushi ba. Ya ce, “Sai dai gaskiya ta wajaba in nuna muku ɗayan.” Ya ɗauko kwandona ya dire a kan tebur.

Jama'a, kwandon nan ƙyalli yake. Rana ta doke shi har yana ɗaukar ido. Wurin ya ɗauki salati. Injiniya ya ce, da murya kamar mai sanar da rasuwa, “Wannan a waje ya zauna, ba a yi masa komai ba. Kuma kamar yadda kuke gani, ya fi na ɗakina kyau nesa ba kusa ba. Ban san dalili ba.”

Ni duk maganar nan abu ɗaya na tsinta: na waje ya fi kyau. Ƙirjina ya cika. Har na ɗan gyara zama don a gan ni.

Dakta Rabi ce ta taso ta zo gaban tebur. Ta ɗauki guda ta juya, ta shinshina. Ta ɗauki wani ta haɗa su biyu tana kallo. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ban san lissafin injiniyoyi ba, amma na san tumatir. Dubi ɗan ganyen da ke kansa, kore shar. Wannan ko azahar bai yi da barin uwarsa ba. Kuma iri biyu ne a kwandon nan.” Ta juyo. “Wa ke kula da shi?”

Dagaci ya ce, “Sakatare ne.”

Malam Auwalu ya miƙo mini lasifika.

Wallahi ko ɗar ban ji ba. Na ɗauka lokacin yabo ne ya zo, kuma ga mace mai ilimi ta gane aikin da aka sha. Na miƙe, na yi sallama, na gaida Farfesa, na gaida dagaci. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba wani sirri ba ne, kulawa ce. Tun kwana na huɗu, kullum bayan asuba nakan tsince wanda ya gaji, in sa sabo a gurbinsa. Ban taɓa bari ƙirga ta ragu ba ko da ɗaya, Injiniya shaida ne. Yanzu haka ba na jin akwai na asali ko guda a ciki.” Na tsaya in ga ko za a tafa. Da ba a tafa ba sai na ƙara da nasiha (har da nasiha, jama'a!), na ce, “Ina kira ga 'yan'uwana manoma, in baƙi suka ba mu amana, mu riƙe ta kamar tamu.”



Injiniya ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a ƙasa. Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce a hankali, “Malam, an faɗa maka dalilin da ya sa aka bar kwandon nan a waje?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ɗakin ne ya cika.”

Ya ce, “A'a. An ajiye shi ne don ya ruɓe.”

Na ce, “Na'am?”

“Aikinsa kenan, ya ruɓe. Mu ga kwana nawa tumatir ke yi in an bar shi yadda aka saba, sannan mu gwada da na ɗaki, mu san ko ɗakin na da amfani. In na waje bai ruɓe ba, da me za mu gwada?”

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Maganar ta shiga kunnena ta sauka a hankali, tana tafe tana haska mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya: sikelin da aka canza, gawayin da aka zazzage, karan rumfa, yaron nan a kan dutse da hannuna a kafaɗarsa. Lasifikar tana hannuna, na rasa inda zan ajiye ta. Babbar rigar ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta.

Sai muryar Sale daga can baya: “La ilaha illallahu! Su ne baƙin? Jama'a, wallahi tumatirin gonata ne! Ashe ni ma na shiga jami'a ban sani ba!”

Rumfa ta fashe. Dagaci ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Dattijon da ya yabi Injiniya har da buga sanda a ƙasa. Farfesa ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma daga ƙarshe shi ma ya kifa kai a tebur.

Ni idona na kan Injiniya. Na durƙusa gabansa da farar rigata a cikin ƙura na ce, “Ka yafe mini don Allah. Na kashe maka aiki.”

Ya ɗago, hawaye a fuska, kuma dariya yake. Ya ce, “Baba, ka san sati biyu ina tunanin in koma koyon walda? Har na fara rubuta wa Farfesa cewa ɗakin bai yi ba!” Ya riƙe hannuna gam. “Ashe ɗakina lafiya lau. Kai ne na'urar da ta fi tawa.”

Amma dariya ba ta gyara takarda. Farfesa ya ce aune-aunen kwandon waje duk sun tashi a banza, dole a sake daga farko, kuma tumatir na gab da ƙarewa a gonaki. In aka rasa wannan, sai wani ranin, shekara guda kenan a kan yaron. Allah ya taimaka akwai wani manomi da ya yi shuka a makare, nasa na nuna a lokacin. Tun a wurin dagaci ya sa aka yi magana da shi.

Malam Auwalu kuwa ya karɓi lasifika ya ce, “Don Allah, tsakani da Allah, wanda ya san amfanin kwandon waje tun ranar farko ya ɗaga hannu.” Hannaye suka tashi, ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, cikinsu har da wani da nake da yaƙinin ƙarya yake. Ya yi ta rubutu kamar biron zai kama wuta. Da zai tafi ya ce mini, “Sakatare, ka ba ni babi guda cur.” Ban san ko godiya ce ba, na dai ce ba komai.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni isa wurin Hajara. Ta ajiye mini tuwo, ta ce, “Ka ci a hankali, yau miyar da tumatir.”

Aka sake gwajin a ranar Asabar. Na ɗauka za a ɗauke aikin daga hannuna, amma Injiniya ya ce ba wanda zai jiƙa masa gawayi kamar ni. Sai dai sabon kwandon an saka shi cikin keji na ragar waya, aka sa kwaɗo, dagaci ya miƙa wa Sale makulli a gaban kowa. Sale ya rataye shi a wuya kamar laya, in ya hango ni sai ya kaɗa.

Ban taɓa shan azaba irin ta waɗannan kwanaki ba. Sau biyar a rana nake wucewa ta gaban kejin nan da bokiti. Na ga na farko ya yi laushi. Na ga ya shafa wa na kusa. Na ga ruwa ya fara bin ƙasan kwando, ƙudaje sun yi sallama, wari ya tashi. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Sai in tura shi aljihu, in kau da kai, in yi ta istigfari, don a idona almubazzaranci ne tsagwaronsa. Kafin sati ya zagayo kwandon ya zama abin da ba a faɗa a gaban mai cin abinci.

Injiniya ya zo ya tsaya a kansa, fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya ɗauki hoto ta gaba, ya ɗauka ta gefe, ya durƙusa cikin warin nan ya ce, “Masha Allah! Baba, zo ka ga yadda ya ruɓe! Kai, ya ruɓe da kyau!”

Na toshe hanci na ce, “Allah ya ƙara.”

Ya gama karatunsa, bai kai ga ƙara shekara ba. Ya kira ni a waya ranar, ina jin guɗa a bayansa. Ya ce ya gode mini a shafin farko na kundinsa, amma bai rubuta dalili ba, na ce hakan ya fi. Ɗakin gawayin yana nan a bakin gonata, mutum huɗu sun kwaikwaya.

Abin da na koya, da tsada na koye shi: kafin ka gyara wa mutum abu, tambaye shi ko a ɓace yake son kayansa. Shekaranjiya ma na ga dangar Sale ta faɗi, awaki na shiga suna yi masa kiwo a albasa. Na tura hannu aljihu, na taka har inda yake na ce, “Taubashi, in tayar maka, ko bincike kake yi?”